Daga ‘mainin’ zuwa karatu: Ko manhajar da ke mayar da aiki wasa za ta raba mu da “sai gobe”?

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa a tsakiyar shekarar 2024 zai tuna yadda majalisa ta koma. Hira ta ragu, kowa ya sunkuyar da kai, yatsu sai dukan fuskar waya suke yi kamar ana kiɗan kalangu.

Lokacin ne Notcoin ta “fashe” a watan Mayu, wasu matasa suka samu ’yan kuɗi, sai jama’a suka rufa a kan Hamster Kombat da Tapswap. Har suna aka raɗa wa masu harkar, ana ce musu ’yan baiwa.

Ƙanena yana cikinsu, kuma ba ɗan sabon shiga ba ne. Tun kafin zuwan su Hamster yake danna maɓallin Pi Network, wanda sai an danna shi duk bayan awa 24 kafin mainin ya ci gaba. Ƙararrawa ya saita a wayarsa saboda wannan. Ko zazzaɓi yake yi, ko biki ake yi a gida, ba ya bari lokacin ya wuce shi.

A daidai wannan lokacin kuma yana shekarar ƙarshe a ɗaya daga cikin manyan makarantun da ke kan hanyar Dutsin-ma, kuma babi na biyu na furojet ɗinsa ya shafe makonni shida bai ƙaru da layi ɗaya ba. Kullum idan na tambaye shi amsar ɗaya ce: “Yaya, gobe insha Allahu zan zauna.”

Abin ya daɗe yana ɗaure min kai. Mutumin da ake cewa ba shi da juriya, shi ne dai ya shekara yana yin abu ɗaya a kan lokaci ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Ke nan juriyar tana nan. Masu ƙirƙirar waɗannan manhajoji ne suka san hanyar tatso ta, mu kuwa ba mu sani ba.

Me suka saka a ciki?

Idan ka cire zancen kuɗin kirifto, abin da ya rage a Hamster Kombat ba shi da yawa. Aikin ƙarami ne, yaro ma zai iya. Da ka danna za ka ga lamba ta ƙaru a gaban idonka. Sannan akwai kyautar shiga ta kullum da ke ƙaruwa daga rana zuwa rana, amma idan ka tsallake kwana ɗaya sai ta mayar da kai farko.

Wannan na ƙarshen shi ne ƙugiyar. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana tun a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin samu ƙarfi a zuciyar mutum. Wanda ya yar da Naira dubu zai fi daɗewa yana tuna ta a kan wanda ya tsinci Naira dubu. Da zarar ka jera kwana ashirin kana shiga, kwanakin sun zama dukiyarka, kuma ba ka so ka rasa su.

Pi ta ƙara da wani abu: mutanen da ka gayyato da wanda ya gayyato ka duk suna ganin ko kana danna maɓallinka, kuma akwai wurin da za a taɓo ka idan ka yi barci.

Wannan dabara ta ɗauko kayan wasan gem, wato maki da matakai da kyaututtuka da gasa, a saka su cikin abin da ba wasa ba, ba ’yan kirifto ne suka fara ta ba. Manhajar koyon harsuna ta Duolingo, wadda Luis von Ahn da Severin Hacker suka buɗe wa jama’a a 2012, a kanta ta ginu. Tana ƙirga maka kwanakin da ka jera kana darasi, koren mujiyarta kuma ba ta gajiya da tuna maka. Zuwa ƙarshen 2024 kamfanin ya ce sama da mutum miliyan 40 ne ke buɗe ta kowace rana.

Tambayar da na yi wa kaina ita ce: idan wannan ƙugiya ta iya sa matashi ya tashi cikin dare don danna hoton ɓera, me zai hana a maƙala ta a jikin karatu, ko rubutu, ko ɗinki?

Ba lalaci ba ne kawai

Kafin in ga laifin ƙanena, gara in faɗi nawa. Ni ɗan jarida ne mai zaman kansa. Ba ni da ofis, ba ni da shugaban da zai leƙo ya ga ko na zo aiki. Abin da na fi tsana a sana’ata shi ne zama in saurari hirar da na naɗa in mayar da ita rubutu. Hirar minti arba’in takan ci min awa uku. Saboda haka sai in share ɗaki, in wanke babur, in karanta duk muhawarar da ake yi a Facebook, in dai ba zan buɗe wannan murya ba. Na taɓa rasa wani aiki mai tsoka saboda haka, domin edita ya gaji da jira ya ba wani. A bari ya huce, in ji Hausawa, shi ke kawo rabon wani.

Mukan kira wannan hali da lalaci ko kasala, amma masu bincike sun bambanta su. Malalaci ba ya son aikin kuma bai damu ba. Mai jan ƙafa yana son aikin ya kammalu, ya san jinkirin zai cutar da shi, yana kwana da damuwar abin, amma ya kasa farawa.

Piers Steel na Jami’ar Calgary da ke Kanada ya tattara ɗaruruwan bincike a kan batun a 2007. Ƙiyasin da ya kawo ya nuna kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantu suna jan ƙafa a karatunsu, sannan kashi 15 zuwa 20 na manya abin ya zame musu ciwo na dindindin. Alƙaluman daga ƙasashen Yamma aka samo su, amma duk wanda ya taɓa ganin cunkoso a shagunan buga takardu na bakin makarantunmu a makon miƙa furojet ba zai yi mamaki ba.

Wasu masanan biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa tushen matsalar ba rashin iya tsara lokaci ba ne. Gudun ɓacin rai ne. Aikin yana zuwa da fargaba, ko gundura, ko tsoron kada a ce ba ka iya ba, sai ka ture shi gefe ka samu sauƙi na ɗan lokaci. Kai na yau ka huta, kai na gobe ya biya bashin.

Da na fahimci haka sai na ga inda manhajar wasa za ta iya shigowa. Ladan furojet yana can gaba, sai bayan watanni. Ladan TikTok kuwa yana cikin daƙiƙa biyar. Abin da manhajar ke yi shi ne ta jawo wani ɗan lada, ko da na bogi ne, ta ajiye shi kusa da aikin.

Gwajin da muka yi mu uku

A ƙarshen Satumbar 2024 aka fara cinikin kuɗin Hamster Kombat a kasuwa, kuma abin da akasarin mutane suka samu bayan watanni suna dannawa bai taka kara ya karya ba. Ƙanena ya yi kwana biyu ba ya magana. A wannan makon na ba shi shawarar mu gwada wani wasan da tun farko bai yi wa kowa alƙawarin ko sisi ba.

Sunanta Habitica. Wani mai rubuta manhajoji, Tyler Renelle, ya fara ta da sunan HabitRPG, aka tara mata kuɗi a intanet a 2013, sannan aka sauya mata suna a 2015. Kyauta ce a Android da iPhone, sai dai akwai wasu ƙarin abubuwan kwalliya ga mai son biya.

Idan ka shiga za a ba ka wani ɗan mutum-mutumi irin na tsofaffin gem, wanda shi ne kai a cikin wasan. Sai ka rubuta ayyukanka gida uku: ɗabi’un da kake son ƙarfafawa ko dainawa, ayyukan da dole ka yi kullum, da ayyukan da sau ɗaya za a yi su a gama. Duk wanda ka kammala ka sa masa alama, za ka samu maki da zinare na wasa, ka hau mataki, ka sayi takobi ko sulke. Idan rana ta wuce ba ka yi aikin kullum ba, lafiyar mutumin naka za ta ragu daga 50 ɗin da ya fara da ita. In ta ƙare ya mutu, ka sauka mataki ɗaya, zinarenka ya tafi.

Aikin da ka daɗe kana gudu yakan rine ya koma ja, wanda kake yi a kai a kai ya koma shuɗi. Na fi jin kunyar wannan jan launi fiye da saƙon edita.

Akwai kuma gurbin lada da kai za ka tsara wa kanka. Ni na rubuta cewa kallon wasan ƙwallo a gidan kallo zinare 40 ne, tsire kuma 60. Idan ban tara ba, ba ni zuwa. Na san abin dariya ne magidanci ya riƙa neman izinin cin tsire a wurin waya, amma ya yi aiki.

Mutum na uku a tafiyar abokina ne, tela. Duk mutumin Katsina ya san abin da ke faruwa tsakanin teloli da jama’a idan Sallah ta matso: a karɓi ɗinki tun farkon azumi, a ajiye, sai daren Sallah a kwana ana taka keke, masu kaya na zaune a bakin shago rai a ɓace. Shi da kansa ya ce in saka shi, ko Allah zai sa ya rabu da “gobe ka dawo”.

Mu ukun muka haɗa runduna a cikin manhajar. A nan ne wasan yake da haƙori. Runduna takan fita yaƙi da wani dodo, duk aikin da ɗayanku ya kammala sara ne a jikin dodon. Amma idan mutum ɗaya ya bar aikinsa na kullum bai yi ba, dodon zai kai wa kowa duka, har da waɗanda suka yi nasu.

Na saka wa kaina abu uku: rubuta hira na minti 25 bayan sallar Asuba, karanta shafi goma na littafi, da rufe Facebook daga ƙarfe goma na dare. Ƙanena ya saka rubuta sakin layi biyu na furojet. Telan ya saka yanka kaya biyu kafin azahar.

Minti 25 ɗin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da tsarin a ƙarshen shekarun 1980 lokacin yana ɗalibi, da agogon kicin mai siffar tumatir: ka yi aiki minti 25, ka huta biyar. Amfaninsa a wurina shi ne ya rage girman dodon. Ba “awa uku” nake fuskanta ba, minti 25 ne, kuma sau da yawa idan na fara sai in zarce.

Makonni biyun farko sun yi kyau fiye da zatona. Na kwashe hirarraki huɗu da suka daɗe a waya. Ƙanena ya miƙa babi na biyu. Wata rana da daddare ya turo min saƙo: “Yaya, ka sa alamar karatunka mana, kada ka ja mana duka.” Yaron da nake bi da faɗa shi ne yau yake bibiyata.

Inda abin ya fara karkacewa

Telan ne ya fara ficewa, a kwana na tara. Manhajar da Turanci take, kuma cike take da kalmomin ’yan gem da ko wanda ya yi boko sai ya yi tambaya. Sannan tana buƙatar data kafin ta ɗauki alamar da ka sa. Ya ce shi hannunsa na kan almakashi, ba zai riƙa ajiye aiki yana neman sabis don ya shaida wa waya cewa yana aiki ba. Ban iya musa masa ba.

Mu biyun da muka rage kuwa sai muka fara wayo. Na lura cewa kowane aiki maki ne, sai na shiga ƙara ƙananan abubuwa: shan ruwa, goge takalmi, gaishe da maƙwabci. Mutumina na cikin wasa ya yi ta hawa mataki, ya samu doki da sulke, alhali wani dogon rahoto da nake tsoro yana nan ja wur a ƙasan jerin. Ƙanena shi ma ya koma rubuta sakin layi biyu na shirme don kawai ya sa alama. Jan ƙafar bai tafi ba, riga ya sauya.

Daga baya na gano ba mu kaɗai ba ne. Wasu masu bincike biyu a Jamus, Sarah Diefenbach da Annemarie Müssig, sun wallafa nazari a 2019 a kan Habitica ɗin kanta. Sun samu cewa masu amfani da ita kan gamu da sakamakon da ya saɓa wa manufar. Misali, manhajar takan hukunta mutum a ranar da ya fi kowace rana aiki, saboda aikin ya hana shi buɗe waya ya sa alama. Wasu kuma sukan sauya wa ayyukansu gurbi don su kauce wa hukunci.

Akwai wani tsohon gwaji da ya kamata iyaye da malamai su sani. A 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa sun ɗauki yara ƙanana a Amurka da ke son zane don kansu. Wasu aka yi musu alƙawarin takardar yabo idan suka yi zane, wasu ba a yi musu ba. Bayan an daina ba da takardar, waɗanda aka yi wa alƙawarin sun rage zane fiye da sauran. Lada ya kori sha’awa. Na ga alamar haka a kaina: karatun littafi abu ne da nake so tun ina sakandare, amma da na mayar da shi maki sai na fara rufe littafin da zarar na kai shafi na goma, ko da labarin ya ɗauko daɗi.

A ganina darasin a nan shi ne kada ka saka wa manhaja abin da dama kana jin daɗinsa. Ka bar mata abin da kake gudu.

Ranar da sarƙa ta tsinke

A ƙarshen watan Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wutar lantarki Arewa suka samu matsala, jihohi da dama ciki har da Katsina suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Wurin masu cajin waya ya cika maƙil, sai ka bar wayarka da safe ka karɓa da yamma. Kwamfutata ta mutu, aikin rubuta hira ya tsaya cak.

Na jera kwana 23 ban fasa ba. Da na samu caji na buɗe manhajar, tana tambayata ko na yi ayyukana na jiya. Ina iya yin ƙarya in sa alama, ba wanda zai sani. Ban yi ba, sai lambar ta koma sifili, dodo kuma ya kai mana duka ni da ƙanena.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki. Wuta ta dawo, amma ni ban dawo ba. Na yi kwana tara ban buɗe manhajar ba, ban kuma taɓa hirar ba. Zuciyata tana cewa tunda an ɓata, an ɓata. Sarƙar kwanakin da ta riƙe ni makonni uku ita ce ta zama dalilin daina aikin gaba ɗaya.

Sai daga baya na ga ashe akwai maɓallin dakatar da hukunci a cikin saitin manhajar, don mai tafiya ko marar lafiya. Duolingo ma tana da abin da ke daskarar da sarƙar mutum idan ya tsallake rana. Masu manhajojin sun san wannan rauni. Sai dai sun gina su ne a inda wuta da intanet ba abin tunani ba ne. A nan kuwa mutum zai iya rasa kwanakinsa saboda taransifoma ta lalace, ko saboda data ta ƙare, musamman tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Binciken da ya kwantar min da hankali shi ne na Phillippa Lally da abokan aikinta a Kwalejin Jami’ar Landan, wanda aka wallafa a 2009. Sun bi mutum 96 na tsawon makonni 12, kowa ya zaɓi sabuwar ɗabi’a guda da zai riƙa yi kullum. Matsakaicin lokacin da ɗabi’ar ta ɗauka kafin ta zama jiki shi ne kwana 66, amma ya bambanta sosai, daga kwana 18 har zuwa 254, gwargwadon mutum da wahalar abin. Maganar “kwana 21” da masu laccar zaburarwa ke yawan yi ba ta da tushe a irin wannan bincike. Abu mafi muhimmanci a wurina: sun samu cewa tsallake rana ɗaya ba ya rusa ginin.

Wato lambar da ke fuskar waya ce ta koma sifili. Abin da kwanaki 23 suka gina a jikina yana nan.

Wani nazarin da aka yi a Jami’ar Carleton ta Kanada a 2010 ya nuna ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarabawar farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu. Masu ci gaba da zargin kansu kuwa sun fi komawa ruwa, domin zargin yana ƙara wa aikin ɗaci, ɗacin kuma shi ake gudu tun farko.

Dama muna da namu

Ina cikin ba mahaifiyarmu labarin rundunar da dodo ke duka idan mutum ɗaya ya yi sakaci, sai ta yi dariya ta ce ai wannan adashe ne. Ta fi ni gaskiya. Mace za ta kasa ajiye Naira ɗari biyar a ɗakinta na mako guda, amma ta shekara tana zubi ba ta fasa ba, saboda uwar adashe za ta aiko, kuma ta san idan ba ta zuba ba kwasar wata ce za ta yi giɓi. Kunya da amana ne ke riƙe da tsarin, ba ƙarfin hali na mutum ɗaya ba.

Makarantar allo ma haka. Karatun an yanka shi ƙanana, gwargwadon abin da allo zai ɗauka. Ba za ka wanke ba sai ka biya wa malam ya gamsu. Akwai matakai da kowa ya sani, daga babbaƙu zuwa farfaru, izu bayan izu har sittin, sannan ga walimar sauka a ƙarshe da dangi za su taru. Lokacin zama sananne ne, ba a sake shawara a kansa kowace safiya. Kuma akwai hutun Alhamis da Juma’a a cikin tsarin, ba wanda ke cewa ɗalibi ya koma farko don ya huta.

Bambancin da na gani shi ne, a adashe da makarantar allo akwai mutum mai rai da ke duba ko ka yi. Manhaja kuwa duk abin da ka gaya mata shi ta sani. Shi ya sa ɓangaren Habitica da ya fi yi mana aiki ba takobi ko doki ba ne. Saƙon ƙanena ne na dare.

Ga mai son gwadawa

Ba Habitica ce kaɗai ba, kuma ba lallai ita ce ta fi dacewa da mai ƙaramar waya ba. Loop Habit Tracker kyauta ce a Android, ba ta da talla, kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Ba ta da dodo ko zinare, amma tana auna ƙarfin ɗabi’a ta yadda tsallake kwana ɗaya ko biyu zai ɗan rage makin ne kawai, ba ya share shi. Ita na koma amfani da ita wajen ƙirga kwanaki.

Wanda matsalarsa ita ce ɗaukar waya a tsakiyar karatu zai iya duba Forest, wadda wani kamfani a Taiwan ya fitar a 2014. Za ka shuka bishiya a fuskar wayar ka saita lokaci, idan ka fita ka shiga wata manhajar kafin lokacin ya cika bishiyar ta bushe. Yawancin wayoyin Android ma suna da wurin ƙayyade lokacin kowace manhaja a cikin saitinsu, ba sai an sauke komai ba.

Ko wacce mutum ya zaɓa, abin da gwajinmu ya nuna min shi ne a fara da aiki ɗaya ko biyu, kuma ya zama wanda ake gudu. A rage shi har ya zama abin kunya ne a ce an kasa. Sannan a ɗaure shi a jikin wani abu da dama ake yi kullum. Masanin nan Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa wanda ya ƙayyade yaushe da kuma a ina zai yi abu ya fi mai niyya kawai cikawa. “Zan riƙa karatu” niyya ce. “Idan na dawo daga masallaci da Asuba zan zauna a kan tabarmar zaure in buɗe babi na uku” shiri ne. Mu da ranarmu ke rabe da lokutan sallah biyar ba mu rasa inda za mu rataya aiki ba.

A ware ranar hutu tun farko, domin Habitica da Loop duk suna bari a tsara aiki ba na kowace rana ba. Sannan a yi hattara da duk manhajar da ta ce za ta biya ka kuɗi don ka yi tafiya ko ka yi karatu, musamman idan ta nemi ka fara zuba naka, ko ta nemi lambar BVN ko NIN. Mun ga isassun irin waɗannan.

Telan bai koma manhaja ba. Allo ya kafa a bangon shagonsa, yana rubuta sunan mai kaya da ranar karɓa da alli, inda duk wanda ya shigo zai gani. Ya ce idon kwastoma ya fi dodon waya zafi. A ƙaramar Sallar da ta biyo baya ya kwana a shago kamar kullum, amma dare ɗaya maimakon uku.

Ƙanena ya kare furojet ɗinsa, ya goge Habitica a washegarin ranar, ya ce ta gama aikinta. Pi kuwa har yanzu yana danna ta duk awa 24.

Ni na rage ayyukana zuwa guda ɗaya, minti 25 na rubuta hira bayan Asuba, ban da Juma’a. Akwai safiyar da sai na gama nake tuna ban buɗe wayar ba. Wannan rahoton da kuke karantawa kuma ranar Litinin na yi wa edita alƙawarinsa, sai Laraba da daddare na tura.